Me ya sa ba a iya cin 'yan Chana a kwallon tebur?

Duk wanda ya bi gasar Olamfik ta Rio a 2016 da zuciya ɗaya zai tuna abin da Aruna Quadri ya yi. Yaron Oyo ya fitar da Chuang Chih-yuan na Taiwan, ya zo ya haɗu da Timo Boll na Jamus, mutumin da ya taɓa zama lamba ɗaya a duniya, shi ma ya sallame shi gida, ya zama ɗan Afirka na farko da ya taɓa kaiwa kwata fainal a kwallon tebur na Olamfik. Mu da muke kallo har mun fara lissafin lambar yabo. Sai aka ce wanda zai kara da shi na gaba Ma Long na Chana ne. Huɗu da nema aka tashi, kuma abin da ya fi ba ni haushi ba cin ba ne, yadda mutumin ya yi cin ne, babu gumi babu tashin hankali, duk inda Aruna ya saba zabga wannan hannun daman nasa mai kama da gatari sai ka ga kwallon ba ta ma zuwa wajen, kullum tana ɓangaren da ba ya so. Kamar an ba Ma Long takardar jarrabawar tun daren jiya. To a gaskiya kusan hakan ne ma, kuma maganar da nake son yi ke nan.

Bari mu fara da lissafi don kada a ce son zuciya ne. An saka kwallon tebur a Olamfik a 1988 a Seoul. Daga lokacin zuwa Faris 2024 an raba zinare 42, Chana ta kwashi 37. Biyar ɗin da suka kuɓuce kana iya ƙirga su da yatsun hannu ɗaya, uku Koriya ta Kudu, ɗaya Suwidin ta hannun Jan-Ove Waldner a 1992, ɗaya Japan a gasar Tokyo da Mizutani da Ito Mima suka ci a wasan haɗakar mace da namiji. A ɓangaren mata kuwa na ɗaiɗai, tunda aka fara babu wata mace da ba 'yar Chana ba da ta taɓa ɗaukar zinaren. A gasar duniya ta maza ɗaiɗai, rabon da wani bare ya ɗauka tun Werner Schlager ɗan Austriya a 2003. Yaron da aka haifa a shekarar yanzu ya isa aure.

Amsar da kowa yake bayarwa a majalisa ita ce ai suna da yawa, mutum biliyan ɗaya da miliyan ɗari huɗu dole a samu gwanaye. Ni wannan amsar ba ta gamsar da ni. Indiya ma tana da wannan yawan, har ta ɗara yanzu, amma ko tagulla ba ta taɓa samu ba a kwallon tebur na Olamfik. Kuma in yawa ne, me ya hana Chanan a kwallon ƙafa, da tun 2002 ba ta sake leƙa gasar duniya ta maza ba? Suwidin kuma da ba ta kai yawan mutanen jihar Kano ba ita ce ta taɓa zame musu ƙarfen ƙafa shekara da shekaru. Yawa yana taimakawa, ba musu, amma taron yuyuyu ne in babu mai tsara shi.

Wasan ma ba nasu ba ne asali. A Ingila aka ƙirƙiro shi ƙarshen ƙarni na 19, masu hali suna buga shi a teburin cin abinci bayan sun ƙoshi. A shekarun 1930 'yan Hangare ne sarakai, su Viktor Barna, a shekarun 1950 kuma Japan ta karɓa bayan Hiroji Satoh ya zo da bat mai soso a 1952 ya rikita kowa. Abin da ya shigo da Chana siyasa ce tsagwaronta. Bayan 'yan kwaminis sun karɓi mulki a 1949 yawancin hukumomin wasanni na duniya rigimar Taiwan ta hana su zama da Beijin lafiya, amma shugaban hukumar kwallon tebur ta duniya, Ivor Montagu, Bature ne ɗan gidan sarauta kuma ɗan kwaminis, shi ya buɗe musu ƙofa, suka fara buga gasar duniya a 1953. Ga shi wasa ne mai araha, ƙasa na fama da talauci, ba a buƙatar fili ko ciyawa, a zuba siminti a yi tebur a jera bulo a tsakiya a matsayin raga shi ke nan. Irin wanda mu ma muka taso muna bugawa a bakin layi, tebur na falanki da ya sha rana ya lanƙwashe, katako a tsakiya, bat ɗin da robarsa ta ɓare gefe guda, kwallo in ta lotsa a jefa ta a ruwan zafi ta dawo, wanda ya ci ya zauna wanda aka ci ya biya mai tebur. Bambancin kawai shi ne a can gwamnati ce ta tsaya a bayan teburin.

A 1959 a Dortmund wani saurayi mai suna Rong Guotuan, haifaffen Hong Kong, ya ci kofin duniya na maza. Shi ne ɗan sabuwar Chana na farko da ya zama zakaran duniya a kowane irin wasa, kuma abin ya faɗo daidai shekara goma da kafa gwamnatin, har kamfanin kayan wasan da ake kira Double Happiness, wato farin ciki biyu, daga nan ya samo sunansa. Daga ranar wasan ya tashi daga wasa ya zama martabar ƙasa, suna ce masa kwallon ƙasa. Beijin ta karɓi gasar duniya a 1961, Zhuang Zedong ya ci sau uku a jere, 1961 da 1963 da 1965. Shi Rong ɗin ƙarshensa bai yi kyau ba, lokacin juyin al'adu na Mao aka zarge shi da leƙen asiri, ya kashe kansa a 1968, shi da wasu manyan wasan biyu da su ma daga Hong Kong suka dawo. Sannan a 1971 a Nagoya wani ɗan wasan Amurka Glenn Cowan ya faɗa motar 'yan Chana, Zhuang ya ba shi kyautar ƙyallen siliki, cikin kwanaki aka gayyaci tim ɗin Amurka zuwa Beijin, a Fabrairun 1972 shugaban Amurka Nixon da kansa ya je. Wasan da ya yi wa ƙasa irin wannan aiki ai ba za a bar shi ya rasa kuɗi ba.

Yanzu ga yadda injin yake aiki. Yaro yana shekara biyar ko shida ake fara sa shi, Ma Long kansa yana shekara biyar ya fara a garin Anshan. Wanda aka ga alama a hannunsa sai a kai shi makarantar wasanni ta gari, daga nan tim ɗin lardi, daga lardi ƙaramin tim na ƙasa, sannan babba. Kowane mataki rariya ce, dubbai suna shiga ɗaiɗaiku suna fita. Kuma koci na lardi shi ma cigabansa yana rataye ne a kan yaran da ya tura sama, don haka babu wanda zai ɓoye yaro mai kyau ko ya saka ɗan yayarsa. Akwai wani salon horo da suka shahara da shi, koci ya tsaya gefen tebur da kwando cike da ƙwallaye yana watso wa yaro ɗaya bayan ɗaya babu tsayawa, dama, hagu, gajere, dogo, har sai ƙafafu sun koyi tafiya da kansu ba tare da kai ya yi tunani ba. Tebur ɗin nan tsawonsa mita 2.74 ne kacal, kwallon nauyinta giram 2.7, in gwani ya maka ta babu lokacin shawara, jiki ne yake ba da amsa, shi ya sa wanda ya fara yana shekara sha biyu ya riga ya makara ko da ya fi kowa baiwa.

Amma horo mai tsanani Koriya ma tana yi, Japan ma tana yi. Inda na ga Chana ta bambanta shi ne wa kake bugawa da shi kullum. Ɗan wasan Barazil ko na Najeriya in shi ne gwani a ƙasarsa to ba shi da abokin atisaye a gida, dole ya tattara ya koma Turai, Aruna ma Fotugal ya fara komawa daga baya Jamus. Shi kuwa ɗan tim ɗin Chana, wanda yake tsaye ɗaya gefen teburin da safe wataƙila lamba biyu ne a duniya, na yamma lamba huɗu. Abin da wasu suke gani sau biyu a shekara a babbar gasa shi ne karin kumallonsa. Shi ya sa 'yan wasansu da yawa suke cewa cin gasar ƙasa ta Chana, wadda ake yi duk shekara huɗu tsakanin larduna, ya fi cin Olamfik wuya, don a Olamfik ɗan Chana ɗaya kawai za ka haɗu da shi, a gida kuwa tun zagayen farko kura ce ke jiranka.

Sai kuma abin da ya fi ba ni mamaki, masu kwaikwayo. A cikin tim ɗin akwai 'yan wasan da aikinsu shi ne su zama wani. A ɗauki yaro gwani a ce daga yau kai ne Waldner, ka koyi sabis ɗinsa, tsayuwarsa, inda yake son kai kwallo in ya shiga matsi, manyan su yi ta bugawa da kai har ranar da za su haɗu da na gaskiyan ya zama kamar tsohon sani. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana zama inuwar wani, sunansa ba zai fito a jarida ba. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Hirano Miu 'yar Japan. A Afrilun 2017, tana shekara sha bakwai, ta je har Wuxi cikin Chana ta ci Ding Ning, ta ci Zhu Yuling, ta ci Chen Meng a fainal, ta ɗauke kofin Asiya a gaban jama'arsu. Salon nata sauri ne, tana tsaye dab da tebur tana tare kwallo tun ba ta gama tashi ba. Suka koma gida suka baje bidiyonta, aka sa 'yan mata suna buga irin nata, bayan 'yan makonni a gasar duniya a Düsseldorf ta sake haɗuwa da Ding Ning a semi fainal, aka yi mata huɗu da ɗaya. Kaga ita ta zo da kocinta da basirarta, su kuma ma'aikata guda ce ta zauna a kanta. Abin da ya sami Aruna ke nan a Rio, hannun damansa kowa ya san bala'i ne, bayan hannun kuma da sauƙi, to mutanen da suke da masu nazarin bidiyo ba za su ba ka abin da kake so ba.

Kada kuma a ɗauka ba a taɓa kayar da su ba, an yi, kuma abin da suka yi bayan faɗuwar shi ya fi koyar da mutum. A 1989, a Dortmund ɗin nan dai da Rong ya yi suna, Suwidin ta su Waldner da Jörgen Persson da Mikael Appelgren ta yi wa mazan Chana biyar da nema a fainal ɗin tim. A 1991 a Chiba har na bakwai suka zo, abin kunya a wajensu, a 1993 Suwidin ta sake ɗauka. Matsalar ita ce tsohon salonsu na riƙe bat kamar alƙalami da bugun sauri kusa da tebur ya tsufa, Turawa sun koyi murɗa kwallo da ƙarfi ta dama da hagu daga nesa. Sai suka kira Cai Zhenhua da ke koyarwa a Italiya ya dawo, suka tura yara Turai su ga yadda ake yi, suka raini masu riƙon Turawa irin su Kong Linghui, masu riƙon alƙalami kuma aka ƙirƙiro musu bugu da bayan bat, wanda Liu Guoliang ya fara fito da shi Wang Hao ya kai shi ƙarshe. A 1995 a Tianjin suka kwashe kofuna bakwai ɗin duka. Suwidin ta sake cin su sau ɗaya a 2000, daga nan kofin tim na maza bai sake barin hannunsu ba sama da shekara ashirin. Ba su ce ai mu ne iyayen wasa ba, sun kwafi wanda ya ci su sannan suka fi shi.

Hukumar duniya ta sha canza doka, kuma duk da ana cewa don 'yan kallo ne da talabijin, kowa ya san akwai fatan a rage musu ƙarfi. A 2000 aka ƙara girman kwallo daga milimita 38 zuwa 40, a 2001 aka rage gem daga maki 21 zuwa 11 don a samu bazata, a 2002 aka hana ɓoye kwallo da hannu ko jiki lokacin sabis, a 2008 aka hana gam ɗin da ake shafa wa roba don ƙara gudu, wajen 2014 aka koma kwallon roba. Bayan Olamfik ɗin Beijin 2008 da suka ɗauki zinare da azurfa da tagulla a maza da mata duka, tuta uku iri ɗaya tana hawa sau biyu, aka ce daga Landan 2012 kowace ƙasa mutum biyu kawai za ta kawo a wasan ɗaiɗai. To me ya faru? Duk sabuwar doka wanda ya fi yawan koci da masu bincike da lokacin atisaye shi yake riga kowa sabawa da ita. An yi don a rage su sai ya zama an ba su sabon aikin gida.

Dokar mutum biyun nan ta ƙara tsananta wani abu da dama yana faruwa. In kai ne na goma a Chana, wataƙila kana cikin ashirin na duniya, amma har ka tsufa ba za ka ga Olamfik da rigar ƙasarka ba. Sai mutane suka riƙa ficewa. A Rio 2016 cikin 'yan wasa 172 aƙalla 44 haifaffun Chana ne, shida ne kawai suke buga wa Chanan. Matan Singafo da suka ci Chana a fainal ɗin duniya a Mosko a 2010, su Feng Tianwei, duk a Chana aka haife su. Ni Xia Lian da ta ci kofin duniya da Chana a 1983 ta zo Faris 2024 tana buga wa Luxembourg tana shekara 61, tana dariya tana cin 'yan matan da ta haifa. Harimoto ma da Japan take taƙama da shi, a Sendai aka haife shi amma iyayensa 'yan wasa ne daga Sichuan. Wato ko an ci Chana sau da yawa da sandarta aka doke ta.

Tsarin yana da muninsa, kuma masu yabonsa ba sa son a taɓo nan. Shekaru da yawa koci ne yake yanke wanda zai ci in 'yan Chana biyu suka haɗu, a duba wa zai fi iya cin baren da ke jira a gaba. A 1987 a New Delhi aka umarci He Zhili ta sakar wa abokiyarta a semi fainal, ta ƙi, ta ci, ta je ta ɗauki kofin duniya, sakayyarta aka cire sunanta daga Olamfik ɗin 1988. Ta auri Bajapane ta koma can, a 1994 a Hiroshima da sunan Koyama Chire ta ci Deng Yaping a fainal ɗin wasannin Asiya, aka yi ta zaginta a gida ana ce mata maciya amana. Ita Deng ɗin ma tun tana yarinya tim ɗin lardinsu ya taɓa ƙin ɗaukarta wai ta cika gajarta, mita ɗaya da rabi, ta zo ta ci zinare huɗu a Olamfik, kaga rariyar ma tana kuskure, kuma Allah kaɗai ya san nawa ta zubar da ba su samu dawowa ba, yaran da suka bar boko tun firamare suka tashi a tutar babu suna shekara sha takwas. Ko a 2017 da aka cire Liu Guoliang daga kujerar koci, Ma Long da Fan Zhendong da Xu Xin ƙin fitowa wasa suka yi a Chengdu, daga baya aka sa su ba da haƙuri.

Yanzu kuma wata sabuwar fitina ta shigo daga 'yan kallo. A fainal ɗin mata a Faris Chen Meng ta ci Sun Yingsha, dukansu 'yan ƙasa ɗaya, amma magoya bayan Sun suka cika ɗakin suna yi wa Chen ihu, a intanet aka yi ta ƙage har 'yan sandan Beijin suka kama wata mata. A ƙarshen 2024 Fan Zhendong da Chen Meng, masu riƙe da zinaren Olamfik ɗin, suka janye sunansu daga jadawalin duniya saboda tarar da ake ci a lokacin in ɗan wasa bai halarci gasa ba, Ma Long ma ya bi su. Fan daga baya ya tafi buga lig a Jamus da kulob ɗin Saarbrücken.

A ɓangaren maza dai ƙofa ta ɗan buɗu, ni haka nake gani, a mata kuwa har yanzu a kulle take da kwaɗo. Truls Möregårdh ɗan Suwidin ya fitar da Wang Chuqin, lamba ɗaya a duniya, tun zagaye na biyu a Faris, kwana ɗaya bayan wani mai ɗaukar hoto ya taka bat ɗin Wang ya karya, ya bar Fan shi kaɗai da nauyin ƙasa a kai, Harimoto ya kai shi har gem na bakwai kafin ya sha da ƙyar. Faransa tana da 'yan gidan Lebrun, Félix da Alexis, Félix ɗin ma riƙon alƙalami yake yi irin na 'yan Chana. A Afrilun 2025 a Macau Hugo Calderano ɗan Barazil ya ci Harimoto, ya ci Wang Chuqin, ya ci Lin Shidong a fainal ya ɗauki kofi, aka yi ta murna ana cewa zamani ya juya. A watan Mayu a Doha, gasar duniya, Calderano ya sake kaiwa fainal, wanda ke jiransa Wang Chuqin ne da shi Calderano ya ci wata guda da ya wuce. Huɗu da ɗaya Wang ya yi masa.